Bayanin Hajjin Ƙafa daga Ƙasar Daura zuwa Makka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta, ya ajiye Ɗakinsa a Makka ya kira bayinsa gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan takarda ce bisa labarin mutanen ƙasarmu, Daura da Zango da Ɓaure da ƙauyukansu, waɗanda suka tafi hajji da ƙafa tun ba a san mota ba, balle jirgin sama. Nufina in bayyana maka, ya kai almajiri, yadda yininsu yake da kwanansu bisa hanya, da abin da suke ci, da abin da ya cinye su, da hukuncin da suka dogara gare shi. Gama kana karanta babin hajji cikin Risala da Muhtasar, kana wuce kalmar iko kamar ba kome, alhali kuwa kalmar nan ita ta fitar da dubban mutane daga gidajensu. Waɗansu suka komo da sunan Alhaji, waɗansu har yau jikokinsu suna can gabas. Na kasa ta fasali shida da cikawa. Shekarun da zan ambata na lissafin Miladiyya ne, sai inda na ce Hijira.

Fasali na farko, cikin hukuncin da ya tashe su

Ka sani, Allah ya yi maka muwafaƙa, hajji wajibi ne sau ɗaya cikin rayuwa bisa Musulmi ɗa, baligi, mai hankali, wanda ya sami iko. Malamai sun saɓa cikin fassarar ikon nan. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce guzuri ne da abin hawa ga wanda gidansa ke nesa. Malikiyya kuwa, mazhabar ƙasarmu, ba su sharɗanta abin hawa ba. Mai Risala ya ambaci hanya mai biyuwa, da guzuri mai kaiwa, da ƙarfin isa ko bisa dabba ko da ƙafa, tare da lafiyar jiki. Shehu Halilu ya ƙara fitar da maganar fili cikin Muhtasar, ya nuna mai sana'ar da za ta ciyar da shi bisa hanya, in yana iya tafiya, hajji ya hau kansa ko ba shi da guzuri ba shi da raƙumi. Kuma cikin Suratul Hajji, aya ta 27, an ambaci masu zuwa da ƙafa tun gaban a ambaci mahaya.

To, dubi abin da wannan ya haifa. Wanzami wanda bai mallaki kome ba sai zabira da aska, in ya ji karatun nan a zauren malam, ya san shi ma mai iko ne. Haka baduku, haka masaƙi, haka gardi mai allo da tawada. Sai dai Halilu ya ɗaura sharaɗi biyu a wurin nan: kada wahalar ta yi tsanani, kuma a sami aminci bisa rai da dukiya. Riƙe su da kyau, za mu komo gare su.

Fasali na biyu, cikin hanyoyi biyu

Hanyar farko ta arewa ce, ta cikin Sahara. Daura tana bisa tafarkin da ya tashi daga Kano ya nufi Damagaram, daga can sai Agadas, sai Gat, sai Murzuk ta ƙasar Fezzan, sa'an nan a karkata gabas har Misira, a shiga ayarin alhazan Alƙahira. Wannan hanya ta masu raƙuma ce, sarakuna da attajirai da manyan malamai. Ta Sahara Mansa Musa sarkin Mali ya bi a shekara ta 724 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1324. Daga ƙasashen nan namu kuma malami Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya yi hajji, ya zauna Alƙahira, a can ya rasu a 1741. Talaka mai ƙafa ba ya iya wannan hanya, domin tsakanin rijiya da rijiya kwanaki ne, ba kuwa gari da zai tsaya ya yi sana'a.

Hanya ta biyu ta gabas ce, ita ce ta talakawa. Ta buɗe ne bayan da sarautar Musulunci ta kafu a Wadai da Darfur cikin ƙarni na 17. Mutumin Daura ko dai ya gangara Kano ta Kazaure ya sami ayari, ko ya miƙe gabas ta wajen Gumel har ƙasar Barno. Daga Barno sai Dikwa, sai Kusuri, a ƙetare kogin Shari, a ratsa ta Ati har Abeshe babban birnin Wadai, sai Adare, sai Jinaina, sai Fashir ta Darfur, sai Nuhud, sai Ubayyid ta Kurdufan, sai kogin Nilu, daga nan a nufi Sawakin bakin Bahar Maliya, a shiga jirgi zuwa Jidda. Tsawonta ya haura kilomita 3,000 nesa ba kusa ba. Falalarta ita ce galibinta tana bin ƙasar gero da dawa, inda akwai gona da kasuwa da masallaci.

Cikin ƙarni na 19 hanyar ba ta da daɗi tun daga ƙofar gida. Ƙasar Daura a rabe take, Fulani suna birni tun zamanin Malam Isiyaku, gidan sarautar Haɓe yana Zango da Ɓaure, hari kuwa ba ya yankewa tsakanin Damagaram da Kano. Can gabas Mahadi ya tashi a Sudan a 1881, Rabe ya ci Barno a 1893. Da Turawa suka ci ƙasashen nan, aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, aka komo da Malam Musa daga Zango zuwa birnin Daura a 1906, Faransa ta kama Abeshe a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, sai hari ya ragu, mutane suka kwararo. Saboda haka zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 har 1966, shi ne ya ga cikar hajjin ƙafa, shi ne kuma ya ga ƙarewarsa.

Fasali na uku, cikin shiri da ban kwana

Ba a tashi sai bayan kaka, in an kai amfani rumbu, ƙasa ta bushe, koguna sun janye. Mai niyya ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya yi wasiyya gaban shaidu, ya bi gida gida yana neman gafara. Waɗansu sukan tafi da matansu da 'ya'yansu, waɗansu su bar su hannun 'yan'uwa. Ban kwanan nan kusa yake da na mutuwa, shi ya sa da yawa cikinsu sukan sa likkafani cikin kaya.

Kayan kuwa ba su da yawa, gama abin da ka ɗauka kanka ne zai ɗauke shi. Tabarma da buzu, buta da gora da salka, ƙwarya da tukunya, sanda, takalmin fata, gafaka mai Alƙur'ani, da kayan sana'a. Mai hali ya kora jaki ko takarkari. Guzuri shi ne gero da gumba da ƙuli-ƙuli da kilishi, da kuka da daddawa da barkono da kanwa. Wuri ba ya ci a Wadai da Darfur, don haka mai wayo yakan juya kuɗinsa su zama abin sayarwa marar nauyi, kamar turkuɗi da jar fata da allura da hula.

Ba a tafiya ɗai ɗai. Akan yi ƙungiya, a sa madugu wanda ya san hanya da harshen mutanenta, shi ke magana da sarakuna da masu fito, a sa kuma malami ya zama liman.

Fasali na huɗu, cikin yini da dare bisa hanya

Tun gamzaki bai ɓace ba madugu ya ta da mutane. A yi sallar asuba, a sha kunu ko a dama gumba, a ɗaura mangala bisa jakuna, mata su naɗa gammo su goya 'ya'ya. Da fitowar rana sun riga sun yi nisa, ranar kuwa a idonsu take fitowa kullum, gama gabas suka sa gaba. Ba a yin magana da yawa da safe. Waɗansu na jan carbi, gardawa na tilawa, mai hizbi ɗaya mai hizbi biyu, har an sami waɗanda suka gyara haddarsu bisa hanya. Da hantsi a yi loko, mai kaya ya jingina kayansa ga itace ya miƙe wuya. In rana ta take tsaka a nemi inuwar tsamiya ko aduwa a sauka. Zango ɗaya shi ne abin da tsoho da yaro da jaki za su iya, gama mafi rauni cikin ayari shi ke yanka tsawon yini.

Da an sauka kowa ya san aikinsa. Samari su tafi ruwa da itace, mata su shiga daka, maza su sare ƙaya su kewaye zango saboda kura da ɓarawo, a yi wa jakuna dabaibayi. Sa'an nan a zauna gyaran ƙafa, gama ƙafa ita ce raƙumin talaka. A cire ƙaya da allura, a shafa mai ga faso, a tsince ƙarangiya daga bakin riga. Wanda kurkunu ya fito masa, wannan ya zama nauyi bisa jama'a, ko a ɗora shi bisa jaki ko a bar shi hannun mutanen gari har ya warke ya bi wani ayari. Bayan lisha a raba dare, waɗansu su kwanta waɗansu su yi tsaro, malam kuwa ya ɗauki karatu a bakin wuta gwargwadon abin da gajiya ta bari.

A nan ne almajiri ke ganin amfanin babobin da ya karanta a zaune. Kasaru tana halatta in tafiya ta kai buridi 4, wato mil 48, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya cika sallarsa. Juma'a ba ta wajaba bisa matafiyi ba. Azumi yana da izinin sha ya rama. Taimama kuwa ta zama abokiyar kullum, domin in ruwan salka bai wuce na sha ba, rai ke gaba da alwala.

Ruwa shi ne babban sha'ani tsakanin Fashir da Nuhud. Mutanen wannan ƙasa sukan rarake cikin kuka, su cika ta da ruwan damina, su riƙa sayar wa matafiya da rani, kowace kuka da mai ita. Inda babu kuka sai kankana, ita mutum ke sha, ita dabba ke sha. Mutumin da ya tashi kusa da rijiyar Kusugu, ya ji labarin zamanin da ba a ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, a nan yake gane abin da labarin ke nufi.

Fasali na biyar, cikin damina da sana'a

In damina ta faɗi tafiya ta tsaya, domin ƙasar da ke tsakanin Dikwa da Shari laka ce mai riƙe ƙafa, rafukan Wadai kuwa su cika. Sai ayari ya nemi gari ya roƙi gona, ko su yi ƙodago gonar wani. Su shuka, su yi noma, su girbe, su sayar, kana su tashi. Guzurin gida yakan ƙare tun ba a fita Barno ba. Daga nan sai abin da Halilu ya faɗa, sana'a ce ke ɗaukar mai ita. Wanzami ya yi aski da ƙaho, baduku ya ɗinka takalmi da kube, mai yankan farce ya zaga kasuwa, mai ƙarfi ya yi ga-ruwa, mata su yi ƙosai da fura da kitso. Malam ya kafa makarantar allo, ya rubuta littafi da hannunsa ya sayar. Mahauta kuwa sun bar alama har yau, gama naman da mutanen Sudan ke ce wa agashe daga bakin Hausawa sunansa ya fito.

A Kurdufan akwai aikin ɗiban ƙaro. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai wurin ya zama babban zangon alhazai, suna tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgi. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid wajen 1912, mai kuɗi ya hau, marar kuɗi ya bi gefen dogo da ƙafa. Saboda wannan tsaye-tsaye, tafiyar da za a iya yi cikin watanni takan ci shekara biyu, ko biyar, ko bakwai, ko fiye. Akan ɗaura aure bisa hanya, a yi suna bisa hanya, yaron da aka goya daga Daura ya isa Makka yana kora jaki.

A Sawakin hukuma takan tsare alhazai a wurin da ake ce wa karantina, a yi musu lamba, a nemi takarda da kuɗin jirgi. Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kwana biyu ce, daga Makka zuwa Madina kwana goma da wani abu. Bayan hajji kuma sai a sake neman kuɗin komowa, hanyar da aka bi ita za a sake bi.

Fasali na shida, cikin abin da hanya ta ci

Kada daɗin labari ya rufe maka ido, ya ɗan'uwa. Hanyar nan ta ci mutane da yawa. Agana da sanƙarau da zazzaɓi da ƙishirwa sun bar kaburbura daga Barno har bakin teku, ba alama bisansu sai ƙaya da aka ɗora saboda kura. Waɗanda suka kasa biyan kuɗin Sawakin sukan ba da kansu ga masu ƙananan jiragen katako da ake ce wa sambuk, a ƙetare da su da dare a ɓoye, waɗansu su nutse, waɗansu a zubar da su a gaɓar da babu ruwan sha. Mafi muni, an sami miyagu da suka riƙa ɗaukar yara da sunan hajji ko karatu, su sayar da su bayi a Hijaz, ba a kuwa soke bauta a Saudiyya ba sai 1962. Tun gabanin haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi mai suna Tanbihur Raƙid yana gargaɗi bisa ɓarnar da ke aukuwa ga mai tafiya hajji.

Akwai kuma waɗanda suka tafi ba da niyyar komowa ba. Da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya yi hijira gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, manoma suka bar gonakinsu. Aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli 1903, shekara ta 1321 ta Hijira, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Alfa Hashim, wanda shi ma yana cikin wannan hijira, ya isa Madina ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1931. Waɗansu kuma ba hijira suka yi ba, zango ne ya zama gari. Ana cewa baɗi za a tashi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har aka haifi jikoki. Su ne ake ce wa Fallata a Sudan, Takari a Hijaz, kuma daga cikinsu ne masu laƙabin Hausawi da Barnawi a Makka da Madina. Cikin mazauna can akwai malamai na ƙwarai, kamar Abubakar ɗan Hasan Bakatsine mai littafin As'halul Madarik.

Sa'an nan ka tuna da wadda aka bari a gida. Shekara ta bi shekara, ba wasiƙa ba saƙo, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Hukuncinta a mazhaba shi ne ta kai maganarta gaban alƙali, a yi bincike, in labari ya yanke a yanka mata shekara 4, kana ta yi idda wata 4 da kwana 10, muddin akwai dukiyarsa da take ci. In babu, tana da hakkin a raba auren saboda rashin ciyarwa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da galibi ba a wuce su, mashahurin zance 70. Wannan mata ita ma ta biya kuɗin hajjin nan, ko da ba wanda ya kira ta Hajiya.

Cikawa

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji ta jirgin ruwa a 1921, ya bi ta Ingila. Bayansa manyan motoci suka fara bin hanyar gabas, sa'an nan cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano. Yau mutumin Daura yakan tashi daga Katsina ya sauka ƙasa mai tsarki cikin sa'o'i kaɗan. Tsohuwar hanya kuwa wuta ta bi ta: yaƙin Darfur ya tashi a 2003, fitinar Barno a 2009, yaƙin Sudan a watan Afrilu 2023, ya taɓa Jinaina da Fashir da Jazira da Sinnar, garuruwan da jikokin alhazanmu suke. Ka sa su cikin addu'arka, gama danginka ne.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, mas'ala ba a ɗaukar rabinta. Magabatan nan sun karanta cewa ƙafa da sana'a iko ne, suka gaskata, suka tashi, ladansu yana wurin Allah, himmarsu kuwa abin kunya ce ga mai lafiya da wadata wanda ke jinkirta farilla ba dalili. Amma wanda ya ba da fatawar iko ya manta da sharaɗin aminci da sauƙin wahala da hakkin iyali, ya tura mutum ga halaka da hannunsa. In wani ya zo maka yana nufin bin ɓarauniyar hanya ta Sahara ko ta teku, ba takarda ba izini, yana kafa hujja da kakanni, ka karanta masa babin har ƙarshensa, ka gaya masa wanda bai sami aminci ba hajji bai hau kansa ba, kuma ba laifi gare shi in ya zauna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka isa, da waɗanda suka kwanta bisa hanya, da waɗanda suka yi jira a gida. Allah ya kai mu Ɗakinsa cikin aminci, ya sa mu cika da imani. Allah shi ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.